Idan yaƙi ya rufe sama, wa zai riƙe wa jirgi layinsa?

A bakin ruwan Yauri, ranar kasuwa, jirgin ruwa ba ya lodi sai layi ya zo kansa. Haka abin yake a filayen jiragen sama masu cunkoso, irin su Heathrow na Landan: kowane kamfani yana da gurbin lokacin sauka da tashi. Ƙa'ida ta ce sai kamfani ya yi amfani da kashi 80 cikin 100 na gurbinsa a zango ɗaya, in ba haka ba ya rasa shi a baɗi.

To, idan yaƙi ne ya hana tashi fa? Yukiren ta rufe sararin samaniyarta ranar 24 ga Fabrairu 2022. Maƙwabciyarmu Nijar ma ta rufe nata ranar 6 ga Agusta 2023, lokacin da ECOWAS ke barazanar tura sojoji.

A irin wannan hali ana ɗaga wa kamfani ƙafa, ba a lissafa tashin da ya soke a matsayin fashi. Dalili shi ne kada tsoron rasa gurbi ya sa a kai fasinjoji inda ake ɓarin wuta. A 2014 an harbo jirgin Malesiya a gabashin Yukiren, mutum 298 suka mutu.