Yadda Kalmar "Thing" Ta Tashi Daga Majalisa Ta Koma Sunan Komai

Da wuya Bature ya yi hira ta minti biyu bai furta "thing" ba. Cokali "thing" ne, mota ma haka, har damuwar da ke hana mutum barci. Ma'anarta a yau ita ce "abu", kuma a jikinta aka gina "something", "nothing" da "everything", wato wani abu, ba komai, da kuma komai. Malaman Turanci kan ja kunnen ɗalibai cewa kalmar ragwaye ce, mafakar wanda ya rasa sunan abin da yake nufi. Sai dai tarihinta ya nuna cewa wannan faɗin ma'ana tafarki ne da harsuna suka saba bi, don haka bai kamata a ɗauke shi lalacewa ba.

A tsohon Turanci, fiye da shekara dubu da suka wuce, "thing" tana nufin taron jama'a inda ake shawara, ake yanke shari'a. Harsunan arewacin Turai, 'yan uwan Turanci, sun riƙe wannan ma'ana har gobe. Majalisar dokokin Iceland, wadda aka kafa a shekarar 930, sunanta Althingi; ta Norway ana ce mata Storting, ta Denmark kuwa Folketing. To, ta yaya taro ya zama cokali? Sannu a hankali ne. Sunan taron ya sauka kan ƙarar da aka kawo gabansa, daga ƙara ya koma kowane irin al'amari, daga bisani ya game duk abin da ido ke gani ko zuciya ke rayawa.

Wani zai ce dace ne kawai da ya faru a harshe guda. Amma a Latin, "causa" tana nufin ƙara a gaban alƙali, kuma ita ce ta haifi "chose" ta Faransanci da "cosa" ta Italiyanci, dukansu da ma'anar "abu". Ita ma "Sache" ta Jamusanci daga jayayyar shari'a ta faro. Ko Bahaushe idan ya ce "akwai magana", sau da yawa al'amari yake nufi, ba furuci ba. Dalilin a fili yake: abin da jama'a suka taru a kansa shi ne abin da ya dame su, kuma kalmar da ke iya ɗaukar rikicin gona yau, gado gobe, bashi jibi, ta riga ta saba da ɗaukar kowane irin kaya.

Gaskiyar malamai ita ce, a takardar yarjejeniya ko a gaban likita, dole a kira abu da sunansa. Amma yaro mai koyon magana, da baƙo a kasuwa, da masanin da ya ci karo da abin da ba a raɗa wa suna ba tukuna, duk suna bukatar kalma irin wannan kafin su sami takamaimai. Mai koyon Turanci ya san inda ta dace, ya yi amfani da ita ba tare da jin kunya ba.