Darasin jinsi a jami'a: me yake sauyawa a tunanin yaranmu?

Daga Sabo ta Ibadan har Agege, iyaye sun sha tambayata: wai ilimin jinsin nan da ake koyarwa a jami'a ba ɓata tarbiyya ba ne? Ga yadda na fahimce shi.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1987 Farfesa Bolanle Awe da abokan aikinta suka kafa cibiyar binciken al'amuran mata a Jami'ar Ibadan, kuma Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da cibiyar nazarin jinsi. Aikin darasin shi ne ya sa ɗalibi ya auna abin da ya taso yana ji game da mace, ya ware gaskiya daga jita-jitar majalisa.

A 1996 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Peter Glick da Susan Fiske, suka raba raina mata gida biyu. Akwai na fili: "mata ba su da kai", ko "don kyanta aka ba ta maki". Akwai kuma mai kama da tausayi: "ke bar injiniyanci, zai wahalar da ke", ko "bar wa maza shugabancin ƙungiya, ke kula da abincin taro".

A ganina, na farkon ne darasi ya fi saurin karyawa. Yaron da yarinya ta doke a jarrabawa, kuma malami ya nemi hujjar maganarsa, dole ya yi sanyi. Na biyun ne mai taurin kai, don mai yin sa gani yake alheri yake yi. Zangon karatu ɗaya ba ya kankare abin da aka yi shekara 18 ana ji a gida. Wani ma haddace amsa zai yi, ya ci jarrabawa, ya koma halinsa.

Duk da haka amfanin ba ƙarami ba ne. A 2019 binciken BBC ya fallasa wasu malamai masu neman ɗalibai mata a jami'o'in Legas da Ghana. Ɗalibin da ya gane wannan zalunci ne ba zai ce "ita ta jawo" ba, yarinya kuma za ta san tana da damar kai ƙara.

Sauran aikin namu ne, jama'a. Idan yara sun dawo hutu, mu lura: wa muke tambaya sakamako, wa muke tambaya yaushe za ta fito da miji?