Yadda Ake Auna Tsangwamar da Masu Cutar Ƙanjamau Suke Sha

Tsangwama ba ta fitowa a gwajin jini, amma tana hana mutum shan magani. A Kwaddibuwa, tun 2008 kyauta ake ba da maganin rage kaifin ƙwayar cutar HIV. Duk da haka, akwai matar da za ta bar asibitin unguwarsu a Adjamé, ta biya kuɗin mota zuwa Treichville, don kada maƙwabciya ta gan ta a layi. Ranar da kuɗin mota ya yanke, magani ya tsallake, ƙwayar cutar kuma ta sake samun ƙarfi.

Abijan ta daɗe da sanin wannan cuta. An fara gano ta a ƙasar a 1985. A 1988 aka kafa shirin bincike na RETRO-CI a asibitin koyarwa na Treichville, kuma binciken da aka wallafa a 1990 ya nuna ita ce kan gaba wajen kashe maza baligai a birnin. Tsoron wancan zamani bai gama fita daga zukata ba. Dokar ƙasa ta 2014 ta hana nuna wa masu cutar bambanci, amma sai da awo za a san ko tsangwamar tana raguwa.

Ma'aunin

A 2001 wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, Barbara Berger, da abokan aikinta suka fitar da takardar tambayoyi mai jimloli 40. Mai amsawa yakan faɗi ko ya yarda da kowace jimla, ko bai yarda ba, da kuma ƙarfin yardar. Jimlolin sun duba abu huɗu: ƙyamar da mutum ya gani da idonsa, tsoron bayyana halinsa, yadda yake raina kansa, da abin da yake zaton jama'a suna faɗa game da masu cutar.

Mai sayen shinkafa a kasuwar Adjamé ba ya yarda da sikelin da ba a gwada ba. Haka takardar tambayoyi take. Wadda ta yi daidai a Amurka, ba lalle ta yi daidai a wani wuri ba. A Lima, babban birnin Peru, sai da masu bincike suka gwada ta da Sifaniyanci a kan manya masu cutar, suka rage ta zuwa jimloli 21, suka wallafa sakamakon a 2010. A Abijan aikin ya fi haka wuya, domin a layi ɗaya za ka ji Faransanci, Julanci, Baule da Hausa.

Matakan gwaji

1. Fassara. Wani ya juya takardar zuwa Hausa, wani dabam da bai ga ta asali ba ya mayar da ita. Inda suka saɓa, nan gyara yake. Misali kalmar "kunya": a wurinmu kunya tarbiyya ce. Idan aka tambayi mace ko tana jin kunya, za ta ce e, alhali ana nufin ko tana ganin kanta a wulaƙance ne.

2. Gwaji da mutane kaɗan. A karanta wa mutum jimla, a ce ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa.

3. Jituwar tambayoyi. Tambayoyin da suke auna abu ɗaya, ya kamata amsoshinsu su tafi tare. Akwai lissafin da yake nuna haka daga 0 zuwa 1, kuma yawanci ana neman 0.7 ko fiye.

4. Maimaitawa. Bayan kamar mako 2 a sake tambayar mutanen. Idan babu abin da ya canza a rayuwarsu, amsoshin su zo kusa da na farko.

5. Kwatantawa. Wanda makinsa ya yi yawa, ana sa ran a same shi da yawan damuwa da ƙarancin masu tallafa masa. In ba a ga haka ba, akwai shakka a kan ma'aunin.

Idan an nemi ka amsa

Ɗan'uwa ko 'yar'uwa, kana da ikon ka ƙi, kuma ƙin ba zai taɓa maganinka ba. Ka nemi a yi maka tambayoyin a keɓe, cikin harshen da ka fi ji, ka kuma tabbatar ba a rubuta sunanka a takardar ba. In ka yarda, ka faɗi gaskiya, ko da ƙyamar daga wurinmu ma'aikatan lafiya ta fito. Da amsoshin ne asibiti zai gane ko gyaran yana ga tsarin layi, ko ga bakin ma'aikata, ko ga wayar da kan dangi a gida.