Ɗakin da Ake Barin Yaro Ya Sa Takalminsa da Kansa

Mutanen da suka kira Maria Montessori zuwa unguwar San Lorenzo a birnin Rum ba ilimi ne ya dame su ba. Gidajen haya suka gyara wa ma'aikata, iyaye kuma suna fita neman abinci tun da safe su bar yara suna ɓata bango da matakala. Masu ginin suka ga gara a tara yaran a ɗaki guda a sa musu mai tsaro. Ranar 6 ga Janairun 1907 aka buɗe ɗakin, aka damƙa wa Montessori kulawa da shi. Ita likita ce, tun 1896 ta kammala karatunta, kuma da idon likita ta shiga: ta zauna ta yi ta kallon abin da yaran suke yi in an ƙyale su. Sai ta lura cewa shara da wanke hannu da goge tebur sun fi jan hankalinsu fiye da kayan wasan da aka kawo musu. Daga nan ta sa kafinta ya yi kujeru da tebura daidai tsayinsu.

Yawancin waɗancan yara sun kai shekara uku. Sai bayan shekara 40, a 1947, ita da abokiyar aikinta Adele Costa Gnocchi suka fara horar da mata musamman domin kula da yaro daga haihuwa zuwa shekara uku. Daga wannan horo aka samu irin ɗakunan da ake gani yau a ƙasashe da dama, inda ake karɓar yaro da zarar tafiyarsa ta yi ƙwari, wajen shekara ɗaya da rabi, har ya isa shiga nazare.

Wanda ya shiga irin wannan ɗaki yana neman allo da alli zai fita bai gamsu ba. Abin da zai gani kanta ce gajeriya wadda yaro zai miƙa hannu ya ɗauko abu, da 'yar buta mai cin ruwa kamar rabin kofi, da tsumma a rataye a ƙusa, da ƙaramar tsintsiya, da benci a bakin ƙofa inda ake zama a cire takalmi. Kofin shan ruwan ma na tangaran ne ko gilashi, da gangan. Na roba in ya faɗi sai ya yi tsalle ya tsaya lafiya, yaro bai koyi komai ba. Na tangaran in ya fashe, ya ji ƙara, ya ga an share, gobe da hannu biyu zai riƙe. Yara suna ɓare ayaba su yanka da wuƙar da ba ta da kaifi, su jera faranti, su ci, kowa ya kai nasa wurin wanki. Galibi ba sa wuce 10 zuwa 12 a ɗaki, da manya biyu.

Na taɓa samun izinin zama a kusurwar wani ɗaki irin wannan, bisa sharaɗin kada in yi magana kuma kada in taimaki kowa. Wata yarinya da ba ta cika shekara biyu da rabi ba ta zuba ruwa a kofi ya malale a tebur. Malamar tana ganinta. Ba ta taso ba, ba ta kuma ce "kin gani ko!" ba. Yarinyar ta tsaya tana kallon ruwan yana ɗiga a ƙasa, sannan ta je ta ciro tsumma ta goge, ta bar rabi, ta koma ta sake cika butar. Ni kuwa hannuna sai ƙaiƙayi yake yi. Duk uwar da ta yi raino ta san wannan ƙaiƙayin: kina sauri, ga tuwo a wuta, yaro kuma ya kafe sai shi zai sa takalmi, kuma a baibai. A nan aikin malamar yake. An koya mata ta nuna abu sau ɗaya, a hankali, ba tare da yawan surutu ba, sannan ta janye hannunta. Kayan ɗakin kowane kafinta zai iya yi, amma wannan janye hannun sai an daɗe ana horar da mutum.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsakanin shekara ɗaya da rabi da uku ne yaro yake fara cewa "a'a" da "ni zan yi", abin da muke kira taurin kai. A wannan lokacin hannunsa da idonsa ke koyon aiki tare, kuma ba sa koyo sai da maimaici. Aiki kamar zuba ruwa yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma shi da kansa yake nuna wa yaro kuskurensa, ba sai babba ya yi tsawa ba.

Akwai wata likitar yara da ta bi wata hanya ta iso kusa da nan. Emmi Pikler ta buɗe gidan rainon jarirai marasa mai kula da su a titin Lóczy na birnin Budapest a 1946, bayan yaƙin duniya na biyu. Ƙa'idarta ita ce kada a zaunar da jariri ko a tsayar da shi kafin ya iya da kansa, kuma kada a ɗauke shi ko a cire masa riga ba tare da an fara gaya masa ba. Zancen hana zaunarwa ban ɗauke shi duka ba. Mu da aka goya, aka kuma tokare mu da matasai tun muna 'yan watanni, ga mu muna tafiya lafiya. Amma gaya wa yaro "zan wanke maka fuska" sannan a jira ya miƙo fuskar, wannan kam ladabi ne da babba ya kamata ya koya.

A gaskiya ɗan Hausa ba baƙon dogaro da kai ba ne. Da an yaye shi a kai shi gidan kaka, zai fara cin tuwo da hannunsa cikin sa'o'insa, ya ɗauki buta, a aike shi ɗakin Inna ya karɓo ashana. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano a shekarun 1970, ta rubuta yadda sana'o'in matan kulle suka dogara da aiken yara. Abin da ya sauya shi ne gidan. Yau ma'aikaciya a Kano ko Kaduna ko Abuja tana zaune a gida mai katanga, ba kaka ba gwaggo, sai 'yar aiki da aka yi wa kashedin kada yaro ya yi datti. Sai a tarar da ɗan shekara uku ana ɗura masa abinci da cokali yana kallon waya.

Shi ya sa iyaye ke neman makaranta tun da wuri, kuma allunan da ke ɗauke da sunan Montessori sun cika tituna. Sunan ba mallakar kowa ba ne, duk wanda ya ga dama zai rubuta shi. A bayan wasu allunan yara 'yan shekara biyu ne jere a benci suna bitar haruffa da ƙarfi, har da aikin gida. Laifin ba na masu makaranta kaɗai ba ne, domin tambayar da muke yi musu ita ce "ya fara rubutu?" Binciken da aka fi ambata a kan wannan tsari, wanda Angeline Lillard ta wallafa a mujallar Science a 2006, a kan 'yan shekara 5 da 12 aka yi shi a birnin Milwaukee na Amurka, don haka kada mai makaranta ya ɗaga shi a matsayin hujjar kuɗin da yake karɓa a kan ɗan shekara biyu.

Ni in zan kai jikana, ba ofishin shugabar makaranta zan zauna ba. Zan roƙi a bar ni in ga lokacin cin abinci da lokacin tashi. Zan ƙirga yara in ƙirga manya, in duba ko hannun yaro yana kaiwa wurin wanke hannu, in ga wa yake sa takalmi. In malama ɗaya ce da yara 30, dole ita za ta sa musu duka, ko da wane suna aka rubuta a bakin ƙofa.