Batirin da Ke Mutuwa Kafin Ajalinsa: Ƙalubale ga Masu Shigo da Kayan Caji

Duk ɗan kasuwar da ke sayar da na'urori masu aiki da caji, irin su injin huda katako da na'urar tsotse ƙura, ya saba da koken masu saye: inji yana nan lafiya ƙalau, amma batiri ya daina ɗaukar wuta, kuma kuɗin sabo yakan kusanci kuɗin injin.

Abin da ke cikin batirin ba wani asiri ba ne. Mai ƙarfin bolt 18 yakan ƙunshi ƙwayoyin lithiyam biyar ko goma, galibi samfurin 18650, irin waɗanda ake samu a kasuwar Alaba ta Legas. Sau da yawa ƙwaya ɗaya tak ce ke raunana. Amma a wasu kayayyakin, ɗan allon lantarkin da ke gadin ƙwayoyin yakan kulle batirin har abada da zarar ɗaya ta yi ƙasa ko an cire ta, ko da kuwa an sanya sababbi. Ga kuma gam da kusoshi na musamman, sannan kowane kamfani da irin mazaunin batirinsa.

Kamfanoni na kafa hujja da haɗarin gobara, kuma akwai ƙamshin gaskiya, domin lithiyam ba abin wasa ba ne a hannun wanda bai ƙware ba. Sai dai lissafin riba a bayyane yake: wanda ya sayi inji ya zama abokin ciniki na dole. Dabarar ma tsohuwa ce. A 1924 manyan masu ƙera ƙwan fitila, cikinsu har da Osram da Philips, sun haɗa baki suka taƙaita rayuwarsa zuwa awa 1,000.

Faransa ta haramta gajarta rayuwar kaya da gangan tun 2015. Dokar batura ta Tarayyar Turai ta 2023 kuwa ta tanadi cewa daga 18 ga Fabrairu, 2027, dole mai kaya ya iya cire batiri ya sauya da kansa, a ci gaba da sayar da na canji aƙalla shekara biyar bayan fitowar kayan ƙarshe, kuma kada a yi amfani da manhaja a hana karɓar batirin da ya dace.

Dokar ba ta shafi kasuwarmu ba, don haka ba abin mamaki ba ne ragowar tsofaffin samfura su nufo Apapa da farashi mai jan hankali. Kafin biyan kuɗin kwantena, ya kamata mai odar kaya ya nemi dillalinsa ya rubuta masa farashin batirin canji, da ko allon yana karɓar sababbin ƙwayoyi.