Wasannin koyo a salula: yadda ra'ayinku ke gyara su

Ku masu koyon karatu da rubutu, maza da mata, wataƙila wata rana malaminku ko wani ma'aikacin ƙungiya zai miƙo muku salula, ya ce ku gwada wani wasa na koyon baƙaƙe ko lissafi. Bayan kun gama, zai tambaye ku: "Yaya kuka ga wasan?" Mutane da yawa sukan amsa da cewa: "Yana da kyau, mun gode." Suna faɗin haka saboda kunya da girmama baƙo, ko da wasan ya ba su wahala. Wannan amsa ba ta gyara komi. Wahalar da kuka sha ita ce abin da masu yin wasan suka fi bukatar su ji. Hausawa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mine ne waɗannan wasanni?

Ƙananan ayyuka ne da ake sakawa cikin salula ko kwamfuta, wasu kuma ana buɗe su ta intanet. Bambancinsu da rediyo ko littafi shi ne suna amsa muku. Kun taɓa harafi, wasan ya furta shi. Kun ba da amsa, ya ce daidai ne ko a sake.

Ga misali ɗaya. A shekara ta 2016 gwamnatin ƙasar Norwe ta shirya gasa domin a ƙirƙiro wasannin da za su taimaki yaran Siriya, waɗanda yaƙi ya raba da makaranta, su koyi karatun Larabci. Wasanni biyu suka yi nasara, aka fitar da su kyauta a 2017. Ɗaya daga cikinsu sunansa Feed the Monster, ma'ana ciyar da dodo. Mai wasa yana zaɓen harafin da aka furta, ya ba ɗan ƙaramin dodo ya ci, dodon ya riƙa girma. An gwada wasannin da yaran Siriya su kansu, aka duba inda suke tsayawa. Daga baya wata ƙungiya ta Amurka mai suna Curious Learning ta juya wannan wasa cikin harsuna fiye da 50, har da Hausa.

Salula a ajin yaƙi da jahilci

Salula ta daɗe da shiga aji a ƙasarmu. A shekarun 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da wani shiri mai suna ABC a ƙauyuka fiye da 100 na jahohin Dosso da Damagaram. A wasu azuzuwan an koya wa manya karatu da lissafi kamar yadda aka saba. A wasu kuma an ƙara da koya musu aiki da ƙaramar salula: gane lambobi, kira, da rubuta saƙo. Mutum biyar ke tarayya a salula guda. Da masu bincike suka auna, sai suka ga ɗaliban azuzuwan salula sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi.

Ke nan salula tana iya taimakon mai koyo. Amma wasan da aka yi a wata ƙasa mai nisa ba zai dace da ku ba sai an ji ta bakinku.

Don mi masu yin wasa ke bukatar ra'ayinku?

Wanda ya yi wasa ya san shi ciki da waje, saboda haka ba ya ganin inda baƙo zai ɓace. Kamar magini ne da ya saba da dakalin ƙofarsa, ba ya tuntuɓe da shi ko cikin duhu. Sau da yawa kuma mutum ɗaya ne ko biyu ke yin ƙaramin wasa. Ba su da kuɗin yawo ƙauye ƙauye. Suna gwada aikinsu a babbar salula, a wurin da rezo ke da ƙarfi, wuta ba ta ɗaukewa.

Labarin wani wasa mai suna Wordle ya nuna amfanin saurare. Wani mutum mai suna Josh Wardle, da ke zaune a birnin New York na Amurka, ya yi shi domin abokiyar zamansa. Ana neman kalmar Ingilishi mai haruffa biyar, ana da damar gwadawa sau shida, kalma ɗaya kowace rana. Kalmomin da za su iya shiga sun kai wajen 12.000, amma da yawansu ba wanda ya san su. Sai ita abokiyar zaman tasa ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana ware waɗanda ta sani, aka rage su zuwa wajen 2.500. An buɗe wasan ga kowa a watan Oktoba na 2021. Wasu masu wasa a ƙasar New Zealand suka fara nuna wa juna sakamakonsu da ƴan akwatuna masu launi, ba tare da sun tona kalmar ba. Mai wasan ya ga dabarar, ya saka ta ciki a watan Disamba. A farkon Nuwamba mutum 90 ke buga wasan. A farkon Janairu na 2022 sun kai wajen 300.000. Gyara biyu da suka ɗaga wasan duk daga masu amfani da shi suka fito.

Abubuwan da za ku lura da su

1. Haruffa masu ƙugiya. Hausa tana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan wasa ya rubuta "kofa" maimakon "ƙofa", ko "daya" maimakon "ɗaya", to yana koya muku kuskure. Ku duba bambancin "bari" da "ɓari", ko "kafa" da "ƙafa". A Nijar muna rubuta "ƴaƴa" da harafin ƴ, a Najeriya kuwa sun fi rubuta y da ɗan waƙafi a gabansa. Idan rubutun wasan ya saɓa da na littafinku, ku faɗa.

2. Kalmomi da lafazi. Hausa ɗaya ce, amma bakin Kano daban, na Maraɗi da Tawa daban. Inda wani ke cewa "tafi", wani "tahi" yake cewa. Wani "biyar", wani "biyat". Idan muryar da ke cikin wasa ta yi sauri, ko ta faɗi kalmar da ba a sani ba a garinku, ku riƙe kalmar, ku faɗi wadda kuke amfani da ita.

3. Lissafin kuɗi. Nan ne aka fi samun ruɗani. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce. Kuɗin da aka rubuta wa 100 shi ne dala ashirin, mai 500 dala ɗari, mai 1000 jika. Mace mai sayar da ƙuli-ƙuli da ta iya canji da ka tana iya faɗuwa wasan lissafi, domin wasan ya rubuta 100 ita kuma ta san ashirin. Ta iya lissafi sarai. Wasan ne bai san kasuwarmu ba. Idan kuma naira ya nuna maimakon sefa, shi ma abin faɗi ne.

4. Hotuna. Idan an zana ɗan itacen da ba ku taɓa gani ba, ba za ku iya faɗin sunansa ba, balle harafin farkonsa. Ku ba da shawarar abin da kowa ya sani: raƙumi, turmi, rijiya, gero, akuya.

5. Girman rubutu da lokaci. Idon dattijo ba irin na yaro ba ne. Idan baƙaƙen sun yi ƙanana, ko ba a ganinsu cikin rana, ko lokaci yana ƙarewa kafin ku gama karanta tambaya, ku faɗa. Wasan da aka yi domin yara yana iya sa babba ya ji an raina shi. Wannan ma ra'ayi ne mai amfani.

6. Rezo, batir da kuɗin intanet. Shin wasan yana aiki in babu rezo? Yana cinye batir? Ya cika salula har ta yi nauyi? A inda ake biyan kuɗi kafin a caja salula, wannan babbar magana ce.

7. Salula ɗaya, mutane da yawa. A gidaje da dama miji da mata da yara ke tarayya a salula. Idan wasan bai iya ajiye matsayin kowa daban, aikin da kuka yi jiya zai ɓace yau.

Yadda ake faɗin ra'ayi mai amfani

Idan kun je asibiti kuka ce "ba ni da lafiya" kawai, likita zai tambaye ku ina ke ciwo, tun yaushe, kuma yaya. Haka mai gyaran wasa yake. Maganar "wasan ba shi da kyau" ba ta nuna masa inda zai taɓa. Ku faɗi abubuwa huɗu:

• A ina ne? Wane mataki, wane harafi, wane hoto?
• Mi kuka yi?
• Mi ya faru?
• Mi kuka so ya faru?

Misali: "A mataki na uku, na taɓa hoton ƙwarya. Muryar ta yi magana sau ɗaya, yara na surutu, ban ji ba. Na so a samu wurin da zan taɓa ta sake faɗi." Wanda ya ji wannan ya san aikin da ke gabansa.

Ku ƙara da irin salular da kuka yi aiki da ita, da ko akwai rezo a lokacin, domin matsala tana iya fitowa a wata salula, ba ta fito a wata ba. Ku faɗi abu ɗaya, a gama da shi, sannan ku kawo na biyu. Ku fara da wanda ya hana ku ci gaba, kafin wanda bai yi muku daɗi ba kawai. Kada ku manta da abin da ya yi kyau, don kada a cire shi wajen gyara. Ku yi magana da ladabi, amma kada ladabi ya ɓoye gaskiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ta wace hanya za a isar da shi?

Ba sai kun iya dogon rubutu ba. Kuna iya faɗa wa malami ya rubuta. Kuna iya aika saƙon murya ta WhatsApp ga ma'aikacin da ya kawo wasan. Wanda ya iya yana iya ɗaukar hoton fuskar salula a daidai wurin matsalar. Hanyar da ta fi ita ce aji ya ajiye littafi guda: duk wanda ya gamu da matsala a rubuta ta, da kwanan wata, da yawan mutanen da ta sama. Matsalar da ta sami mutum 15 cikin 25 ta fi saurin samun gyara. Rubuta wannan littafi shi kansa darasi ne.

Idan ma'aikaci ya zauna yana kallonku kuna wasa, kada gabanku ya faɗi. Wasan yake aunawa. Ku riƙa faɗin abin da kuke tunani da ƙarfi, kada maƙwabci ya karɓe salular ya yi muku. Inda kuka tsaya, nan ne ake son a gani.

Mata, kada ku bar maza su amsa a madadinku. Lokacinku daban, hanyar da salula ke zuwa hannunku daban. Idan kuna jin nauyin magana a gaban maza, ku nemi a zauna da ku ku kaɗai.

Hattara

• Ku tambayi sunan ƙungiyar da ta kawo wasan, da abin da za a yi da maganarku.
• Ba a ɗaukar hotonku ko muryarku sai da yardarku. Kuna da ikon ku ƙi.
• Kada ku ba kowa lambar sirri ta asusun kuɗinku na salula. Mai neman ra'ayi na gaskiya ba ya bukatarta.
• Wasan da ya ce ku zuba kuɗi domin ku ci riba caca ne, ba koyo ba ne.
• Ku duba wasa da kanku kafin ku miƙa wa yaro.

Bayan kun faɗi ra'ayinku

Ba kowace shawara ake ɗauka ba. Wata tana bukatar kuɗi mai yawa, wata ta saɓa da bukatar wasu masu koyo. Gyara kuma yana ɗaukar lokaci, sannan sai an sabunta wasan a cikin salula kafin ku gan shi. Amma kuna da haƙƙin ku tambaya: "Mi aka yi da maganar da muka faɗa?" Ƙungiyar kirki takan dawo da amsa, ko da amsar ita ce ba ta iya ba.

A shekara ta 2025 Nijar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Kayan koyo na Hausa za su yi kyau ne gwargwadon yadda masu harshen suka sa baki a cikinsu. Kuskuren da kuka nuna yau, in an gyara shi, ɗalibin da zai zo bayanku ba zai yi tuntuɓe da shi ba. Idan wasa ya gagare ku, kada ku ce kanku ne ba ya ja, ku ajiye salula. Ku faɗi inda kuka tsaya.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Wane wasa ko aiki na salula kuka taɓa gwadawa? A ina ya ba ku wahala?
2. Idan wasa ya rubuta 250, dala nawa ke nan?
3. Ku rubuta kalmomi biyar masu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ waɗanda kuke so a saka cikin wasan karatu.
4. Wa zai riƙe littafin ra'ayoyin ajinku, kuma wa za a miƙa wa shi?