"Walad walla bit?": Tambayar da ke biyo bayan hoton ciki a Fau

'Yar baffana ta je awo a wani asibiti a garin Fau da ke Sudan, cikinta na wata biyar, uwar mijinta ta raka ta. Likita ya shafa mata man nan mai sanyi a mara, ya ɗora kan na'ura, ya shiga nuna musu bugun zuciyar ɗan tayi, da tsawon ƙashin cinyarsa, da inda mabiyiya ta kwanta. Tsohuwar ba ta kula da ko ɗaya ba. Yana yin shiru ta jefa masa tambaya da Larabcin Sudan: "Walad walla bit?", wato namiji ne ko mace. Ya ce mace. Ita ce ta huɗu a ɗakin. Har suka koma ƙauye ba wanda ya ce uffan a mota, kuma daga ranar nan kuɗin hanta da madara da maigida ya saba bayarwa ya koma "sai gobe".

Ba a zubar da cikin ba, ba wanda ma ya kawo zancen. A nan ne matsalarmu ta bambanta da ta Asiya, kuma a nan ne take ɓuya.

Bisa halitta, ana haihuwar maza wajen 105 a kan kowace mata 100. A Sin, inda dokar ɗa ɗaya ta haɗu da son magaji da na'urar hoto, adadin maza ya kai wajen 121 a 2004. A Koriya ta Kudu ya haura 116 a 1990. A wannan shekarar ce masanin tattalin arziki Amartya Sen ya yi lissafin cewa mata sama da miliyan 100 sun "ɓace" daga ƙidayar duniya. Indiya ta kafa doka a 1994 da ta hana likita faɗin jinsin abin da ke ciki, ta ƙara tsaurara ta a 2003. Koriya kuwa adadinta ya dawo daidai bayan da 'yan mata suka cika makarantu, aka kuma soke tsarin rajistar iyali da ke fifita namiji a matsayin shugaban gida. Har ta kai kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke haramcin faɗin jinsi a Fabrairun 2024.

Ƙididdigar haihuwa a Sudan da Nijeriya da Nijar ba ta nuna irin wannan karkata ba. Addini ya tare hanya, dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ma ta haramta zubar da ciki sai a yanayi ƙalilan, kamar ceton ran uwa. Sai dai ƙididdiga ba ta ƙirga macen da aka daina gaisarwa da fara'a, ko wadda ta ji labarin kishiya tun kafin ta sauka. A da, sai ranar haihuwa ake jin "me aka samu?", kuma jaririya a hannu tana da nata kwarjini, takan narkar da zuciyar uba. Yanzu labari yana riga ta zuwa da wata huɗu, a daidai lokacin da uwa ta fi bukatar abinci mai kyau da kwanciyar rai.

Ban ce son ɗa namiji a Fau ba shi da tushe ba. Garin shi ne hedikwatar aikin noman Rahad da aka buɗe a 1977, a kan titin Wad Madani zuwa Gadarif. Hawasha, gonar da ake ba manomi a cikin aikin, yawanci da sunan maigida take, kuma yana son wanda zai gaje ta. Hausawan yankin, jikokin alhazan da suka yada zango a hanyar Makka da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, da yawansu ba su da hawashar ma. Ƙwadago suke yi daga kambo, wato matsugunin leburorin gona, don haka mutum yana ƙirga 'ya'yansa maza kamar yadda yake ƙirga hannuwa. Amma a je gona lokacin tsinkar auduga ko fizgar gyaɗa a ga su wa suka fi yawa. Kuma tun da Wad Madani ta faɗi a yaƙi a Disambar 2023, masu gudun hijira suka kwararo Fau da Gadarif, gidaje nawa ne ke ci daga murhun shayi da kaskon kisira (gurasar Sudan) na 'ya mace?

Sunayenmu ma suna ba da shaida. Yaron da ya zo bayan jerin mata shi ne Tanko, yarinyar da ta zo bayan jerin maza ita ce Kande ko Delu. Kakanninmu sun yi wa kowanne suna na marhabin. A mazhabar Malikiyya da muke bi, rago ɗaya ake yankawa ranar suna, ko namiji ko mace. Suratun Nahli ta zargi mutumin da fuskarsa ke baƙi don an yi masa albishir da 'ya mace, Suratush Shura kuma ta ambaci kyautar mata kafin ta maza. A 2007 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Musulmi ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa ba a zaɓar jinsi ta hanyar likita sai don kauce wa cutar gado da ke bin jinsi ɗaya. Misalinta ita ce cutar rashin daskarewar jini, wadda ta fi kama maza.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne laifin da ake ɗora wa wadda ba ta da hannu. Ƙwan mace ƙwayar halitta ta X kaɗai yake ɗauke da ita. Maniyyin namiji ne ke zuwa da X ko Y, shi ke yanke ko mace za a samu ko namiji. Mutumin da ya saki matarsa don ta jera masa mata huɗu ya hukunta ta ne a kan abin da ya fito daga jikinsa, da ƙaddarar Allah.

Ba na goyon bayan a kwafo dokar Indiya. Sanin jinsi ba zunubi ba ne, mace na da damar shirya kayan jariri da zaɓen suna. Amma wannan labari nata ne, sirrin mara lafiya ne kamar kowane sirri. Ina roƙon likitoci da ungozomomin Fau su tambayi mai cikin, ita kaɗai, ko tana son a faɗa, kafin su amsa wa uwar miji ko maigida. In kuma suka faɗa, su ƙara minti ɗaya su bayyana wa mijin daga ina jinsi yake fitowa. Limamanmu su ma su ɗauki batun a huɗubar Juma'a, da Hausa da Larabci, domin mazan da ke sahu su ne masu riƙe da kuɗin cefane.